Ranar da Farin Zalɓe Ya Tashi a Kanal

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a gefen babban kanal, wato hanyar ruwan nan mai zurfi da aka shafe da siminti, wadda ke kawo ruwa daga dam ɗin Tiga zuwa gonakin rani. Shi muka buɗe ido muka gani. A nan ake wanki, a nan ake shayar da dabbobi, kuma a kansa iyaye suka fi yi wa yara kashedi, don bangonsa a gangare yake, ga gansakuka mai santsi kamar miyar kuɓewa. Wuri ɗaya ake iya sauka, matattakalar da ke gindin gada. Gaba kaɗan da matattakalar, ruwan yana shigewa ƙarƙashin titi ta wani baƙin rami. An taɓa gindaya ƙarafa a bakinsa, amma yawancinsu sun karye tun kafin a haife ni.

Abu biyu nake tsoro ina yarinya: ramin nan da farin zalɓe.

Baƙo yakan ɗauka balbela ce ta yi girma. Ba ita ba ce. Balbela 'yar gida ce, kullum tana gindin shanu, ba wanda ya damu da ita. Farin zalɓe kuwa in ya miƙe wuya ya kusa kamo ni tsawo a lokacin, ga ƙafafu baƙaƙe sirara, ga baki rawaya mai tsini kamar basilla. Sai ya tsaya cikin ruwa shiru kamar an dasa shi, har ka manta mai rai ne, sannan ya saki bakin kamar kibiya. Akwai wani mai facin keke a bakin kasuwarmu mai ido ɗaya. An ce yana yaro ne ya tarar da ɗaya ya karye a fiffike, ya sunkuya zai ɗauka, tsuntsun ya sakar masa baki a ido. Ban taɓa tambayarsa ba, amma in aka aike ni wajensa ba na iya duban fuskarsa.

Da damina ba ka cika ganin tsuntsayen ba, sai ɗaya nan ɗaya can a cikin koren shinkafa. Ruwa ya wadata ko'ina, kowanne ya kama gabansa. Sai kaka ta yi, an yanke shinkafa, kududdufai da fadamu sun fara ƙafewa, sannan suke taruwa a wajenmu, don mu ne masu ruwa sanda kowa ya rasa. Wasu su ce daga wajen Haɗeja suke zuwa, wasu su ce daga ƙasashen da suka fi nan nisa. In zafin bazara ya tsananta kuma, sai a wayi gari sun ragu, ba sallama.

Shekarar da nake magana a kanta, farkon shekarun dubu biyu ne, ina aji shida na firamare. Damina ta ɗauke da wuri, tsuntsayen kuwa suka zo da yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Itatuwan turare da ke bayan makarantarmu da yamma sai su koma fari fat, ƙarƙashinsu kamar an zubar da farar ƙasa, ga ƙarni. Kukansu ba daɗin ji, kamar tsoho yana kaki. Ni dai na daina bi ta nan, gara in yi zagaye.

Bayan girbi masu kula da ruwa sukan rufe kanal don a kwashe taɓo da ciyawa kafin a shiga noman alkama. Ruwan ya janye, ya bar 'yan tafkuna a inda ƙasan ya lotsa, kifi ya maƙale a ciki. Lokacin nan biki ne a garinmu. Kowane gida ƙamshin suyar karfasa. A shekarar nan mai shela ya zaga ya ce ba za a sako ruwa ba sai bayan Juma'a.

Goggo, yayar babanmu, a gidanmu take tun da mijinta ya rasu. Mace ce mai jiki, mai dariya, gwiwarta ta dama tana damunta, in tana tafiya sai ta ɗan dogara a gefe ɗaya. Sana'arta turara shinkafa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai Uwata. Aiki ya riƙe ta a kwanakin farko, har mutane suka gama kwashe kifin da ke kusa. Ranar Laraba da hantsi ta kakkaɓe hannu ta ce wa Inna, “Ara mini Uwata. Shekara ba za ta wuce ni ban ci tarwaɗar kanal ba.”

Inna ta ce, “Yaya, da gwiwar nan?”

“Gwiwa ai ba ita za ta ci ba.”

Na ɗauki daro, ita ta ɗauki tsohon kwando mara gindi da ake kife kifi da shi. Muka sauka ta matattakala. Ban taɓa taka ƙasan kanal ba sai ran nan. Daga ciki ba ka ganin gari, ba ka ganin gona, sai bango dama da hagu da tsirin sama. Tafkunan kusa duk an tattake su sun zama kwaɓa. Goggo ta nuna gaba, wajen da ruwa ke fitowa, inda ƙasan kanal ya yi fari kamar an shanya likkafani.

“Inda suke, nan kifi yake,” in ji ta.

“Goggo, mu tsaya nan.”

“Riƙe bakin zanena, ki bar kallon idonsu.”

Muka yi ta tafiya, taɓo yana tsotse ƙafa, har gada ta ɓace a bayanmu da kanal ya yi kwana. Da muka isa cikinsu ba su tashi ba. Sun ƙoshi, sun saba da mutane. Sai dai su ɗaga ƙafa a hankali su matsa, su juyo da kai gefe su dube mu da ƙwayar ido ɗaya. Wani ya tsaya daf da ni, da ƙaramin kifi a gicciye a bakinsa, ya juya shi ya haɗiye, ina kallon kifin yana gangarawa a cikin wuyan. Na kare fuskata da daro, ina tafe ina leƙe ta gefe.

Kifi kuwa akwai shi. Goggo ta kifa kwando, ta zura hannu, ta fito da tarwaɗa mai kauri kamar damtsenta. Ta yi ta dariya tana jefowa a daro, tana lissafa wanda za a kai wa maƙwabta. Har na ɗan saki jiki.

Ni na fara gani, don ni ce ba na ɗauke ido daga kansu. Can nesa, iya inda ido ke kaiwa a cikin kanal, farin ya tashi sama gaba ɗaya. Kafin su daidaita, na kusa da su suka tashi. Sannan na gaba. Kamar mutum ya kama bakin doguwar tabarma yana naɗowa zuwa inda muke.

“Goggo, me ya kore su?”

Ta ɗago. Ta daɗe tana kallo, hannunta yana cikin kwando. Wata iska mai sanyi ta bugo mu, mai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa, tare da wata ƙara siririya kamar ana zuba gero a buhu. Na ga dariyar ta bar fuskarta.

“Ajiye daron,” ta ce, a hankali.

“Kifin fa?”

“Na ce ajiye!”

Ba ta taɓa yi mini tsawa ba sai ran nan. A daidai lokacin waɗanda ke kewaye da mu suka tashi su ma. Fukafukai suka rufe sama, suna kaki, iskarsu tana dukan kaina, dogayen ƙafafu suna reto a saitin fuskata. Na durƙusa na rufe ido ina ihu. Goggo ta fizgo ni ta wuyan riga.

Muka juya wajen gada. Ni zan iya gudu, ita ba za ta iya ba. Tana ja da ƙafar dama, tana salati, taɓo yana riƙe ta. Na waiwaya. Ruwa ne, amma ba kamar yadda nake zato yake zuwa ba. Ba tsayi gare shi ba, baƙi ne, a shimfiɗe, yana turo tarkace a gabansa: karan shinkafa, ledoji, takalma, rassan ƙaya. Ya iso mu ya wuce, sanyi ƙarara a idon sawu. Kafin mu kai kwanar ya kama ƙwaurina. Yana ture ni ta baya kamar ɗan akuya.

Goggo ta tsaya tana haki. “Ba za mu kai ba. Hau bango.”

Na taka. Gansakukar ta bushe ta zama ɓawo, da na ɗora ƙafa sai ta ɓare ta taho da ni. Na sake, na sake zamowa, gwiwoyina suka kuje. Goggo ta kwanta da ƙirji a jikin bangon, ta kafa ƙafafunta a ruwa.

“Taka bayana. Taka kafaɗata. Kar ki ji tausayi, taka!”

Na taka ta. Na ji ƙashin kafaɗarta a tafin ƙafata. Ta sa tafukan hannunta a ƙarƙashin dugadugaina ta tura da wani nishi da har yau nake ji. Yatsuna suka sami wata tsaga da ciyawa ta tsiro a ciki, na maƙale, na ja ciki, na ja ciki, har na faɗa kan ƙasa busasshiya.

Na leƙo. Daga sama sai na ga ta zama 'yar ƙarama. Ruwan ya kai mata cinya.

“Goggo, miƙo hannu!”

“Ke za ki ja ni? Je ki kira mutane. Uwata, ki yi gudu, kar ki tsaya kallona.”

Na miƙe na duba. Gonaki fayau, an gama girbi, ba a fara shuka ba, ba kowa. Gari yana da nisa. Sama cike da fararen tsuntsaye suna kewaya, sun rasa wurin sauka. Can a cikin kututturen shinkafa na hango shanu, na nufe su. Ƙaya ta soke ni ban ji ba sai washegari.

Makiyayin wani Bafulatani ne daga rugar da ke bayan garinmu, mai furfura a gemu, matarsa takan kawo mana nono. Na tsaya a gabansa. Na ce “Baffa,” sai numfashi. Ya dubi taɓon da ke jikina, ya dubi jinin gwiwata, ya ɗaga kai ya dubi tsuntsayen.

“Wa ke ciki?”

“Goggo.”

Bai ƙara tambaya ba. Ya kwance igiyar da ke kafaɗarsa, ya yi wa wani jan sa magana da Fulatanci, san ya biyo shi da sassarfa kamar kare. Muka koma inda na hau, na gane wurin da shaidar jan cikina a ƙasa. Na leƙa.

Ba ta nan.

Ruwa ne kawai, mai launin ƙasa, ya cika rabin kanal yana tafiya abinsa, kwandonta yana juyawa a kai. Na zauna daɓas. Abin da ya zo mini ba kuka ba ne, ramin ƙarƙashin titi ne, da yadda zan shiga gida in dubi babanmu.

“Tashi,” in ji makiyayin. “Ruwa gaba yake kai mutum. Bi bakin nan kina kira.”

Na bi ina kira, muryata kamar ba tawa ba. Muka sha kwanar. Gada ta bayyana can gaba, daga nan har ana jin gurnanin ramin yana haɗiyar ruwa. Sai na ga wani baƙin tiyo da wani mai ban ruwa da inji ya bari yana reto a jikin bango, an ɗaure shi a turke daga sama. A ƙarshensa akwai hannu biyu da kai. Ɗankwalinta ya tafi, furfurarta ta manne a goshi. Ruwa ya kai mata wuya, ya kwantar da jikinta a gefe kamar tsumma a igiyar shanya. Turken yana motsi.

Makiyayin ya taka turken da ƙafa, ya yi zarge a igiyarsa, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙahonnin san. Ya zura zargen har ya taɓa kanta.

“Inna, saki hannu ɗaya ki zura a ciki.”

Ta ɗago ido ta dube shi.

“Inna, kina jina? Hannu ɗaya.”

“Ba ya sakuwa,” ta ce. Haƙoranta suna kaɗawa. “Ɗan nan, hannun ba ya sakuwa. Ka tafi da yarinyar kar ta gani.”

Wani tarin kara ya taho ya daki kafaɗarta, kanta ya nutse ya fito, tana tari. Makiyayin ya juyo gare ni. “Ke take jin maganarki. Yi mata magana.”

Na kwanta a bakin bangon. Ban san me zan ce ba. Abin da ya fito shi ne irin muryar da take yi mini in na ƙi shan magani. Na ce, “Ba ni ce uwarki ba? To na ce ki saki!”

Ta dube ni. Sai na ga yatsun hannun hagu suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ta zura shi, ta zura kai, ruwan ya juya ta, ɗaya hannun ya ƙwace da kansa. Ta tafi. Na ga igiyar tana warwarewa a ƙasa da gudu, sannan ta miƙe ƙyam, kan san ya karkace, ya yi wani kuka ya kafa kofato. Makiyayin ya kama hancinsa yana ja da baya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Taki ɗaya, ya tsaya. Wani takin. Igiyar tana cin bakin siminti tana zubar da gari, ni kuwa ita nake kallo, ina jiran ta tsinke.

Haka aka jawo Goggo a kan bangon nan kamar buhu. Simintin ya ɗaye mata fatar hannu da ta ciki. Zanenta ya tafi da ruwa. Tun kafin ta gama fitowa makiyayin ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini ta baya, ya juya fuska wajen shanunsa, bai waiwayo ba sai da na ce na rufe ta.

Ta yi ta aman ruwa. Da ta samu numfashi, ta kama fuskata da hannayen nan masu jini tana shafawa, tana duba ni kamar ni ce na nutse.

A kan jakin wani mai kai taki aka mayar da ita gida. Inna ta fasa kuka tun daga zaure. Babanmu ya tsaya yana kallon yayarsa a cikin rigar wani. Da la'asar ya ɗauki buhun shinkafa a keke da ƙullin goro ya nufi ruga. Ya dawo da shinkafar, goron kawai aka karɓa.

Har yau ban san dalilin da ya sa ruwan ya zo kafin lokacinsa ba. Wasu sun ce saƙon ne ya karkace a hanya kafin ya iso bakin mai shela. An yi ta magana a majalisa, aka gaji aka bari. Bayan kwana biyu yara suka tsamo daronmu a wancan gefen titi, inda ruwan ke fitowa. Ya lotse ya haɗe baki kamar an taka shi da mota. Suka kawo shi gida suna murna. Da na gan shi sai na fita bayan ɗaki na yi amai.

Zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na warke, hanyar makaranta ta zame mini aiki, don sai an hau gada. Nakan tsaya har wata babba ta zo in kama hannunta, in rufe ido mu haye. Tsuntsayen sun bar kanal tun da ya cika, suka koma gonakin da ake sakar wa ruwa don alkama, suna bin bakin ruwan suna tsintar abin da ya kora daga ramuka. Ko'ina ka duba suna nan. In wani abu ya firgita su suka tashi tare, ko a tsakiyar gona nake, ko a filin makaranta, sai in fara neman wurin hawa.

Goggo ta daɗe a kwance. Gwiwar ba ta ƙara komawa daidai ba, turara shinkafa ma sai a zaune, ni nake juya mata tukunya. A gaban mutane labarin ya zama abin dariya a bakinta. Ta ce ita kaɗai ce matar da sa ya taɓa kamawa da fatsa, ta ce tarwaɗar nan tana bin ta gaisuwa. Mata su yi ta ƙyaƙyatawa. Na ɗauka ni kaɗai abin ya zauna wa.

Da alkama ta fara fitar da kai, ran nan da yamma ta ɗauki sandarta ta ce in raka ta. Ban tambayi ina ba sai da na ga mun nufi gada. Na ja na tsaya.

“Zo mana. Daga sama kawai za mu duba. In ba mu duba yau ba, ba za mu ƙara dubawa ba.”

Muka je har bakin matattakala. Ruwan yana tafiya lumui, kore, wasu 'yan mata suna wanki suna hira. Suka gaishe ta, ta amsa. Ta kama hannuna, wai don kar in ji tsoro. Sai na ji nata yana karkarwa fiye da nawa, tafin ya jiƙe da gumi. Muka ɗan tsaya a haka.

“To, mun gani,” ta ce. “Uwata, mai da ni gida. Ƙafata ba ta ɗaukata.”